Yadda Aka Koya wa Ɗan Farina Cewa A'a

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Talata, mu uku ne a zauren gidana: ni, da ɗan farina, da ɗiyar ƙanwata wadda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Na huɗunmu yana cikin ordinatar, wato kwamfuta, daga wata ƙasa ta bakin teku. Saurayi ne, sanye da riga marar wuya irin wadda nake kwana da ita lokacin bazara, yana cin wani abu a kwano da cokali. Shi ne wai zai gwada ɗana, ya ga ko ya cancanci aiki. Ni da yarinyar muna rakuɓe inda idon na'urar bai kai ba, na kuma gargaɗe ta ko tari kada ta yi.

Ɗana ya yi karatun ordinatar a Yamai, ya dawo Dakoro da diplom, ya shekara biyu a rumfar wani cikin kasuwa yana canza wa talho, wayar hannu ke nan, gilashi, yana zuba wa makiyaya wa'azi da waƙoƙi a kati. Ya gaya wa gwaggonsa cewa in neman aikin nan bai yi ba, da an gama yankan gero zai hau motar Agadas, ya wuce inda tsaransa ke wucewa, ya je ɗaukar bulo. Gwaggonsa ta gaya wa ɗiyarta, ɗiyar ta gaya mini. Haka magana ke tafiya tsakanina da shi. Ɗan fari ne. Ba na kama sunansa, ba ya zama inda nake zaune, in muka haɗu a ƙofa ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon bango. Haka mahaifina ya yi da yayana, ban kuma taɓa jin wanda ya mutu saboda haka ba.

Aikin da yake nema, sai da na sa ya bayyana wa ƴar gwaggonsa sau uku ina saurare daga gefe kafin na kama shi. Ga shi a jere. Kamfanonin yanzu ba sa sayen manyan injuna su ajiye a biro, wato ofis. Haya suke yi a wasu dogayen ɗakuna na ƙasashen nesa, sai su kira wurin gajimare don kada a ce haya suke. Da, mutum kan shiga ya haɗa injunan da hannu ɗaya bayan ɗaya, gobe ya manta abin da ya taɓa. Yanzu sai ya rubuta: ina son inji uku, da rumbun ajiye bayanai ɗaya, da ƙofa ɗaya wadda wane da wane kaɗai za su bi. Akwai manhajar da ke karanta rubutun, tana kuma da rajista inda take tuna duk abin da ta gina. Da farko ta shirya. Na biyu ta nuna tsari: ga abin da zan gina, ga abin da zan canza, ga abin da zan rushe. Na uku wani mutum dabam ya karanta tsarin ya amince. Na huɗu a ce ta zartar. Ba a tsallake na biyu, ba a tsallake na uku, ba a kuma zagayawa ta baya a gyara da hannu, don daga ranar rubutu da gini sun raba hanya ke nan.

Da na ji haka na ce a raina, ashe sai yanzu suka gano abin da muka sani tun ana buga takarda da kabon. Shekara talatin na yi ina ɗan aike a wani biro na gwamnati a garin nan, kujerata a bakin ƙofar shef, shugaban biron. Karatuna bai wuce sartifika ba, amma babu mai neman aikin da ya taɓa shiga ɗakin nan ban ga shigarsa da fitarsa ba. Na san wanda ake ɗauka tun daga yadda yake cire takalmi. Saboda haka na ɗora wa kaina shirya shi. Na rubuta ƙa'idoji shida a kaye, littafin rubutuna, na ba yarinyar ta kai masa. Ya sa babbar riga gogaggiya da hula. Ya riƙe dosiye cikin kwali, kowace takarda da hatimin meri, biron magajin gari. Kada ya zauna sai an ce ya zauna. Kada ya kalli idon shef. Kada ya ce ni na yi, ya ce an yi. Ta shida na ja mata layi biyu: duk abin da shef ya faɗa, amsarsa to.

Ya bi su duka, wannan ba zan hana masa ba. Da aka buɗe ordinatar yana tsaye, mai cokalin ba ya ganin komai sai aikin wuyan babbar riga, har sai da ya tambaya ko akwai mutum a ciki. Da ya zauna ya ɗaga dosiyen, aka ce ya ajiye. Kwana huɗu na yi ina zarya a kan hatiman nan.

Rabin awa na farko ya tafi daidai. Faransancina na ƙofar biro ne, amma na ji ana tambaya yana amsawa ba gargada, mai cokalin har ya ajiye kwano. Sannan ya gyara zama ya ce, a ɗauka shi ne shugaba, yamma ta yi, abokin ciniki yana ta kira, wani abu ya lalace. A bar nuna tsari, a bar jiran mai dubawa, ɗana ya shiga ya gyara da hannu yanzu yanzu. Me zai yi?

Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, "To, shef. Yadda ka ce."

Ni kuwa a gefe na gyaɗa kai. Na ji daɗi ƙwarai.

Bayan kwana uku amsa ta zo. Yarinyar ce ta karanta mini, da muryar da take yi wa ƴan aji dikte.

"Kawu, sun ce ya san aiki."

"To mi ya hana?"

"Sun ce wanda za a ce ma shi tsallake tsari ya ce to, ba su ba shi makullin gidansu. Tarko ne aka ɗana mashi. So suke ya ce a'a."

"Ya ce ma shef a'a? Ranar farko?"

"Tun kahin ranar farko, Kawu."

Wato akwai ƙasar da ake ɗaukar mutum aiki ta hanyar yi masa ƙarya, a zauna ana jiran ya ƙaryata mai ɗaukarsa. A biron da na yi aiki, na ga wanda ya ce wa shef a'a sau ɗaya. Kafin watan ya mutu an tura shi wani gari can arewa inda sai an haɗa igiya uku guga ke taɓa ruwa. Na faɗi wannan da ƙarfi, na faɗi wasu ma da ba na rubutu ba ne. Amma da na zauna ni kaɗai na jera abin, sai na ga inda ya karkace. Ni ne na yaba matakan aikin nan huɗu. Ni ne kuma na ba shi ƙa'idar da ke rushe biyu daga ciki da zarar wani mai kujera ya ɗaga murya. Na ɗauko kayen na soke ta shida. Ban aika masa da labari ba, na dai bar kayen a buɗe a zaure.

Wani kamfanin ya kira shi, gwaji hawa uku. Wannan karon yarinyar ta karɓi ragama, ban hana ba. Taubasai ne, tun suna rarrafe suke zagin juna, babu mai shiga tsakani. Kullum bayan la'asar ta zo da tambayoyin da shi da kansa ya rubuta mata, ta haye kujerata ta harɗe.

"Kai, injiniyan gajimare, yau ni ce shef ɗinka. Rubuta kalmar sirri cikin takardar ga da kowa ke karantawa, don kar mu mance."

"Da ganinki an san kin taɓa barin makulli jikin ƙofa kin tahi biki. Ba a sa ta nan. Wurin ajiyarta dabam, a kulle."

"To ni da kai mu zartar lokaci guda, mu gama da wuri."

"Mu biyu kan rajista guda? Ta rikice ke nan. Wanda ya fara shiga ya kulle, ɗayan ya jira waje. Ke da ma waje ya dace da ke."

"Ji min mai liƙa gilashin talho! Wani ya shiga jiya ya ƙara inji da hannu, bai gaya ma kowa ba. Share shi."

"Ban sharewa sai na san na wane ne da abin da ke cikinshi. In mai amfani ne a shigar da shi rubutu, in ba shi ba ne a cire ta hanyar tsari. Ki bar ba da umarni, Madam, nan ba aji biyu ba ne."

Ina daga ƙofa ina ji. Ban san yaron yana da baki haka ba. Shekara ashirin da takwas ina ɗaukarsa mutum mai shiru, ashe ni ne shirun. Ya haye hawa na ɗaya, ya haye na biyu, duk da samari irin mai cokali, ɗaya ma da kyanwa tana gittawa ta gabansa.

Sai aka aiko da sanarwar hawa na uku. Babban injiniyan kamfanin ne da kansa, har da hotonsa: kai fari fat, gemu fari, ya kai ni ko ya girme ni. Yarinyar ta kawo mini talho ta nuna mini.

"Kawu, akwai matsala. Ni yana ce mani a'a tun muna cin ƙasa, wannan ba gwaninta ba ce. Tsohon ga in ya yi gyaran murya sau ɗaya, ɗanka zai koma to. Furfura muke nema, kuma kai ke da ita."

"In zauna gaba da gaba da shi?"

"Da tebur tsakani."

"Ke ba ki da kunya."

"Ita ce ta kai mu nan, Kawu."

Na kore ta. Da yamma na fita gona, na tarar maƙwabta sun fara ɗaure dammunan gero. Na ƙidaya kwanakin da suka rage kafin a gama yanka, ba su da yawa. Da na dawo na aika mata cewa ƙarfe bakwai na safe, kafin ta tafi lakwal, kuma kada ta makara.

Safiya ta farko. Na sa rigata ta zuwa biro, na zauna. Shi ya ɗosana a bakin kujera kamar an ɗora shi kan garwashi. Yarinyar ta miƙo takarda, layin farko kuwa gaisuwa ce da sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro. Da gangan ta yi. Na tsallake sunan, na kira shi yadda ake kiran baƙon namiji da Faransanci, na ce, "Mushe, sannu da zuwa." Ta juya baya tana danne dariya. Na karanta tarkon yadda yake: ni ne shugabanka, bar nuna tsari, zartar yanzu.

Ya kalli tabarma. "To, Baba."

Ta kwaɗa masa kaye a ka.

Safiya ta biyu an ɗan ci gaba. Na karanta, sai da kaza ta shigo zaure ta fita, sannan ya ce, "Baba, wasu masana kan ce da an ɗan duba tukuna da ya fi, amma dai yadda ka gani."

"Wannan a'a ce ko gaisuwar suruki?" in ji yarinyar.

Haƙurina ya ƙare. Na buga tebur na ce, "Kai! Na umarce ka, ka ce mani a'a."

Ya ce, "To."

Nan na gane takarda ba za ta yi ba. Ya san wasa muke, kuma ba zai saɓa wa ubansa saboda wasa ba. Sai an taɓa abin da ke yi masa ciwo.

Akwai wani aiki da ya gina a gajimaren nan nasu don ya nuna wa tsohon. Tun yana rumfar kasuwa yake tambayar makiyayan da ke kawo masa talho labarin rijiyoyi, daga nan har Tagriss: sunan kowace, zurfinta, ko ruwanta na da daɗi ko zartsi, da watan da take ƙafewa. Fiye da shekara yana tarawa, wasu mutanen da suka ba shi labarin sun yi nisa da dabbobinsu, ba a san ranar dawowarsu ba. Duk ya zuba cikin rumbun bayanan. Na san da shi saboda ya sha nuna wa yarinyar.

Safiya ta uku ban karɓi takarda ba. Na ce, "Mushe, nuna mani mataki na ɗaya." Ya nuna. "Na biyu." Ya nuna. "To yanzu nuna mani yadda ake rushewa."

Ya ɗan dakata, sannan ya buga. Wani jan rubutu ya zubo, jerin duk abin da za a rushe, har da rumbun. Na'urar ta tsaya tana jira.

"Saura mi?"

"Saura a rubuta kalmar amincewa, ga ta nan ta nuna, sannan a danna babban maɓallin ga, Baba."

Na jawo ordinatar gabana. Na iya bugu da yatsa ɗaya, na koya a kan keken rubutun biro ranakun da sakatare ba ya nan. Harafi uku ne. Na nemo na farko na danna.

"Baba."

Na nemo na biyu.

"Baba, wato..."

Na danna na uku. Na ɗaga yatsa a kan babban maɓallin. Da bai yi komai ba da na danna, na yanke wannan tun a sahun asuba.

Ya cafke mini wuyan hannu. "A'a! Kar ka taɓa! Injunan suna dawowa daga rubutu, rijiyoyin ba su dawowa, ban yi masu kwafi ba!"

Idonsa cikin idona. Riƙon kuwa, da ya je ɗaukar bulon nan da ba su yi asarar ma'aikaci ba. Yarinyar ta toshe baki da mayafi. Shi ya ankara, ya saki hannuna kamar ya taɓa wuta, ya zame daga kujera ya durƙusa.

Ba zan yi ƙarya ba, raina ya ɓaci. Ni na shirya abin, ni na so ya faru, amma da ya faru har na ji tafina yana ƙaiƙayin mari. Na jira fushin ya sauka. Sannan na ce, "Tashi ka zauna, Mushe, ba a gama ba. Tambaya ta gaba. Don mi ba ka yi kwafi ba?"

Ya sosa ƙeya, ni kuwa na ci gaba.

"A biro kowace takarda uku ce. Ɗaya ga shef, ɗaya a kabad, ɗaya ta tahi Maraɗi. Mu da ba mu da gajimare mun san wannan. Ka soke rushewar, ka yi kwafi, ina zaune."

Ya soke, ya yi, ina zaune. Sannan na sake karanta masa tarkon takarda, har sau huɗu. Na farko da ƙyar a'ar ta fito. Na huɗu ya ce a'a, ya kawo dalili ɗaya, biyu, uku, ya kuma faɗi abin da zai yi a maimako da tsawon lokacin da zai ɗauka. Na rufe kaye na shiga gida, ban karya ba ranar.

Ranar gwajin, ƙarfe goma na safe, na bar musu gidan na tafi kasuwar dabbobi na zauna wurin wani tsohon dillali, na yi ta taya shi kushe raƙuman mutane har azahar. Labari ya iso ni ta hanyarsa ta kullum, daga yaron zuwa gwaggo, daga gwaggo zuwa ɗiya. Babban injiniyan ya ɗana tarko sau biyu, sau biyu aka ce masa a'a, ya yi dariya ya tambayi labarin rijiyoyi. Bayan kwana tara aka ɗauke shi gwajin wata uku, da suka cika aka bar shi. Yana aiki daga ɗakin da ke jikin zaure, da riga marar wuya, abin takaici. An gama yankan gero, motocin Agadas sun yi ta tashi, ba shi a ciki.

Amma yarinyar nan bakinta ba ya riƙe ruwa. Ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa maƙwabciya a wurin suna. Kafin sati biyu wani ya ce a majalisar ƙofar masallaci, ina zaune, wai ɗan wane ya yi karatun nasara har ya murɗe hannun ubansa. Wanda ya faɗa ɗin ƴaƴansa uku suna can arewa, ko wayarsu ba ya samu, amma yana da lokacin tarbiyyar nawa. Da labarin ya kai garin Sabon Maci cewa ake ya kayar da ni ƙasa. Wani mai kayan miya ya tambaye ni ko kafaɗar ta warke. Yaron ya daina bi ta tsakiyar kasuwa, sai ya zagaya ta bayan gari, ranar Juma'a kuma sai an tada salla yake shiga sahun baya.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, mataki bayan mataki, yadda ya faru. Ban sa sunan kowa ba, amma Dakoro ba ta da girman da za a ɓata a ciki. Kai mai karatu, in ka gane mu, ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka tare shi a hanya da maganar hannun nan, kada ka yi masa ita ko da wasa. Ni na jawo ordinatar, ni na buga haruffan, ni na ɗaga yatsa. In kana da abin cewa ka kawo mini, ina zaure kullum daga la'asar zuwa magariba, kuma ka jero maganarka tun daga gida.